Lahadin Zira

Duk sabon ma'aikacin da aka turo mini ɗakin girki, abin da yake fara tambaya shi ne ina ake cajin waya. Ban taɓa jin wanda ya fara da tambayar ina ake wanke hannu ba. A ganinku, ku 'yan yanzu, aikin nan tsoma kaza ne a mai a tsame, a danna shinkafa a roba a miƙa wa mai saye. Ban ga laifinku ba, ni ma haka na zo da shi a kaina daga ƙauyenmu Digil, da ƙasar gona a ƙafata, ina ganin wanda ya iya riƙe garma me zai gagare shi a cikin tukunya.

Sunana Hamman. Na shiga wannan aiki ina magidanci mai 'ya'ya biyu, ga shi yanzu furfura ta gama da gemuna ina nan gaban kasko. Wurin da na fara, wata tsohuwar nas ce ta buɗe shi a Lokuwa bayan ta yi ritaya, Madam Saratu, daidai layin da ɗalibai suka fi haya. Mu goma sha biyu ne ma'aikata, kuma babu mai yin cikakken yini. Akwai 'yan safe, daga takwas zuwa biyu, akwai 'yan yamma, daga biyu zuwa takwas, kowa kwana huɗu a mako, albashi a ƙarshen wata. Wannan ya yi mini daidai, rabin yini ina gona rabi ina ɗakin girki. Ɗalibai ma ya yi musu, su shiga aji su fito su ɗaura rigar aiki.

Kazar farko da na soya, har yau ina ganinta. Na ga mai yana hayaƙi na ce ai ya yi, na juye cinyoyi cikin kwandon suya na tsunduma. Kafin ka ce me sun yi ja jawur, na tsame ina jin kaina. Wanda aka haɗa ni da shi ya koya mini aiki wani gajeren mutum ne ɗan wajen Michika, Zira, mai waƙa a cocinsu. Ya ɗauki cinya ɗaya ya tsaga ta da wuƙa har ƙashi, ya kawo mini dab da hanci. Jini ne a jikin ƙashin.

"Malam," ya ce, "kazan nan ko yanzu ka sake shi zai koma gida."

Tun daga ranar yake ce mini Malam, ni kuma na rama da Fasto, alhali ni ban iya karatun kirki ba shi kuma bai taɓa hawa mumbari ba. Shi ya koya mini cewa mai ba da ido ake sanin ya yi ba, da kunne ne. Ka jefa ɗan guntun albasa. In ya nutse shiru, da saura. In ya yi tsalle yana ƙara, ka wuce wuri, rage wuta. Akwai wani ƙaramin sauti a tsakani, kamar yayyafi a kan kwano, wannan ake nema. Ya koya mini a tafasa kaza da citta da tafarnuwa da kanumfari ta sha iska tukuna, a bar ruwan jikinta ya tsane, in ba haka ba mai zai yi maka zane a hannu. Ya koya mini shinkafar da za a soya ba a barinta ta nuna luguf, a sauke ta da sauran ƙarfi a baza a faranti ta huce. Ya koya mini danne bakin mitfai, burodin nan mai nama a ciki, da cokali mai yatsu, a huda bayansa sau biyu don kada ya fashe a obin. Wata uku ina yanka albasa da karas kafin ya sake bari na taɓa kwandon suya, kuma ban ji haushi ba sai a watan farko.

Masu saye kuwa iri-iri ne, kuma kowanne da yadda ake bi da shi. Ɗalibi zai sayi shinkafa ba nama ya tsaya yana kallon gilashin kaza, sai ka ɗan ɗiga masa romo a kai ka kau da ido. Ma'aikatan banki suna da minti ashirin, ba sa son gaisuwa mai tsawo. Ranar kasuwar shanu fatake ke shigowa, wasu daga Kamaru wasu daga Chadi, da ƙura har gira, su ce a ba su kaza guda kada a yanka, su ci da hannu su sha lemo biyu-biyu. Saurayin da ya kawo budurwa kuwa, kada ka kuskura ka faɗi kuɗin abinci da ƙarfi. Duk Zira ya nuna mini waɗannan, ba da baki ba, da yadda yake yi.

Akwai wani aiki da muka yi na walimar ɗaliban da suka gama karatu, roba ɗari uku, a kai kafin azahar. Ƙarfe tara gas ya ƙare, mai kawowa kuma wayarsa a kashe. 'Yan matan da ke zuba abinci suka fara kuka. Zira ya cire hularsa ya fita bayan gida, ya jera duwatsu tara, murhu uku, ya aike ni gidan wata mai ƙosai na sayo itacenta gaba ɗaya. A nan muka yi jalof a tukunyar biki, hayaƙi yana shiga mana ido, shi yana rera waƙar coci da yarensu ni ina amsa masa da abin da ban san ma'anarsa ba. Abinci ya isa a kan lokaci. Sati biyu ɗalibai suna zuwa suna tambayar irin jalof ɗin nan mai ƙamshin itace. Ban ƙara jin daɗin wani aiki kamar na ranar ba, kuma ina kewar irinsa.

To, ga abin da nake so ku ji da kyau. Jadawalin aiki, Madam da hannunta ta rubuta shi a bayan kwalin taliya, ta manna kusa da firji. Ranaku biyu ne suka fi cika a mako, Juma'a bayan an sauko masallaci da Lahadi bayan an tashi coci, kuma girkinsu tun safe ake fara shi. Da ta zo rabawa ba ta duba wa ke zuwa ina ba, ta bi sunaye kawai. Sai safiyar Juma'a ta faɗo kaina, safiyar Lahadi ta faɗa kan Zira. Muka je mata da magana, ta ɗaga hannu tana danna waya.

"Ku manya ne. Ku daidaita tsakaninku, ni dai kada kasko ya huce."

Muka daidaita a tsaye, ko zama ba mu yi ba. Ran Juma'a in zo da takwas in fara aiki, Zira ya zo da sha ɗaya ya karɓe ni, in hau keke in tafi Digil in yi wanka in sa farar riga. Ran Lahadi ni zan yi masa safiyar gaba ɗaya. Awa shida nake yi masa, shi uku yake yi mini, amma in azumi ya zo shi ke tsaya mini duk yammacin da nake da aiki in je in sha ruwa da iyalina. Aikin ranar Sallah nasa ne, na Kirsimeti nawa. Sauran ma'aikata suka gani suka kwaikwaya, kowa ya samu abokin musanya. Shekara tara muna haka, ban rasa Juma'a ko ɗaya ba, shi ma bai rasa Lahadi ba.

Akwai wata ɗaliba mai karɓar kuɗi a kanta, Kwanye, yarinya mai kaifin kai. Ita ce ta taɓa ce mana mu gyara kwalin nan, a goge a rubuta yadda ake yi a zahiri, ko mu sa Madam ta sa hannu a wata takarda. Muka yi mata dariya. A wurinmu takarda sai an yi rigima ake rubuta ta, sai iyakar gona ta kai mutane gaban mai unguwa. Zira ya ce mata, "Ni da Malam mun yi faɗa ne da za mu rubuta?" Ni ma na ji kamar zagi ne in ce wa mutumin da ya koya mini aiki ya sa mini hannu. Kwalin ya zauna yadda yake, mai ya bi shi har sunayen suka dushe.

Akwai kuma littafi a bakin ƙofa, wanda kowa ke rubuta sunansa in ya shigo da safe ko da yamma. Madam ba ta taɓa buɗe shi ba. Ni ina rubuta sunana ran Juma'a da takwas, in kuma rubuta ran Lahadi. Zira da yake tsakiyar aiki yake shigowa ran Juma'a, ba ya rubuta komai, hannu kawai yake wankewa ya karɓi cokali.

Sai shekarar da mai ya yi tsada ta zo. Janareta ya koma sai da dalili ake tayar da shi, kaza ta ninka, ɗalibai suka koma cin gurasa da wake a bakin titi. Muna tsaye mu shida, mai saye ɗaya. A cikin wannan hali ciwon ƙafa ya kwantar da Madam, 'yarta ta zo ta tafi da ita Abuja. Ɗanta da ya karɓi wurin ba mazauni ba ne, sai ya kawo manaja, wani matashi mai suna Sadik, da digirinsa da kwamfutarsa. Kada ku kai zancen inda ba nan ba, Musulmi ne ɗan'uwana, sahu ɗaya muke tsayawa. Kuma ba mugu ba ne. An ce masa ya rage kashe kuɗi ne, shi kuma abin da ke rubuce kawai ya sani.

Ya ce a ci gaba da bin kwalin kafin ya gama nazari, amma ya buɗe mana zaure a waya, kullum sai an wayi gari da canji. Kana gona da fartanya a hannu saƙo zai shigo, ka zo yanzu. Ka biya kuɗin keke ka iso, ya leƙa ya ga ba mutane, ya ce ka koma gida yau ba kasuwa, kuma ranar ba ta shiga lissafi. Kwana huɗu suka koma uku, wani makon biyu. Kwanye ya sa mata aiki ranar jarrabawarta, ta roƙe shi ya ce in ba ta zo ba akwai masu nema. Ta je jarrabawarta, ta dawo ta tarar an ba wata kujerarta.

Ita ce ta tara mu a gindin dalbejiyar da ke bayan ɗakin girki, ta ce ma'aikaci yana da haƙƙi ko rabin yini yake yi, ba a korar mutum haka kawai ba sanarwa, ba a kiransa aiki a mayar da shi hannu wofi. Ta ce akwai ofishin da ake kai irin wannan ƙara. Muka ji daɗin maganar. Sai ta tambaya wa ke da takardar ɗaukar aiki. Muka kalli juna. Ni da baki aka ɗauke ni, Zira ma haka, duk cikinmu babu mai ko guntun kati da sunan wurin a jiki. Wasu suka ce mu ƙi zuwa aiki rana ɗaya gaba ɗayanmu. Da aka zo sa rana, wannan ya ce matarsa ta kusa haihuwa, wancan ya ce kuɗin haya ya zo. Ni na ce taki zan saya. Taron ya watse, Kwanye ta tattara littattafanta ta tafi.

Bayan sati biyu, ran wata Litinin, Manaja ya kira ni da Zira ofis. Kwalin taliyar yana kan teburinsa, ya ɓamɓaro shi daga bango, ga littafin ƙofa a buɗe kusa da shi. Ya ce masu suya biyu sun yi yawa, ɗaya za a riƙe, kuma ba zai yi son kai ba, littafi ne zai raba. Ya juyo da shi wajenmu yana bin layi da biro.

"Baba Zira, jadawali ya ce kana da aiki kowace Lahadi. Na duba littafin nan tun daga farkonsa, ban ga sunanka ran Lahadi ba ko sau ɗaya. Baba Hamman kuwa bai taɓa fashi ba, har ranar da ba tasa ba yana zuwa."

Zira ya yi dariya, yana ganin abu ne mai sauƙi. "Oga, ai musanya ne. Shi yana yi mini Lahadi, ni ina yi masa Juma'a. Madam ya sani."

"Juma'a ga sunan Baba Hamman nan, ƙarfe takwas. Ina naka?"

Na buɗe baki na faɗi gaskiya, wannan kam na yi. Na ce duk Juma'a sha ɗaya nake tafiya, shi ke ƙarasawa, na ce azumi tara ya tsaya mini. Manaja ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye biro.

"To Baba, in haka ne kai ma kana barin aiki ba izini kenan, shekara da shekaru. In na rubuta wannan, ku biyu za ku tafi in kawo sabo. In na bi littafi, mutum ɗaya ne. Wanne kake so in rubuta?"

Na ce a kira Madam. Ya ce tana asibiti, ɗanta ya hana a dame ta da maganar shago. Ya sake tambayata wanne zai rubuta. 'Ya'yana shida a lokacin, damina ta kama, buhun taki ko ɗaya ban saya ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ban ce a kori Zira ba, amma ban ce komai ba, kuma a ofishin nan shirun ya wadatar. Zira ne ya miƙe ya dafa kafaɗata.

"Oga, bi littafi," ya ce. Ya cire rigar aikin ya ninke ta ya ɗora a kan kwalin.

Shi ya sa kuke ganin ina takura muku. Duk wanda ya ce mini ya yi musanya da wani, sai na ce ya rubuta a zauren waya kowa ya gani, manaja ya amsa da hannunsa. Duk wanda aka ɗauka, sai na ce ya nemi takarda ko layi biyu ne, ya ɗauki hotonta ya ajiye. Kuna cewa Baba Hamman ya cika tsoro, ba ya yarda da mutane. Na yarda da mutane fiye da ku duka, kuma na fi son zamanin da kalma ɗaya a tsaye take riƙe shekara tara. Ina kewarsa ƙwarai. Amma ni na san wanda ya biya kuɗin wannan yardar, kuma ba ni ba ne.

Zira yana ƙauyensu yanzu, can bayan Michika, yana noman wake. Mukan yi waya da Sallah da Kirsimeti, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Bai taɓa tayar da maganar ofis ba, ni ma ban taɓa samun bakin tayar da ita ba.

Juma'ar da ta biyo bayan korarsa, ina gaban kasko tun takwas. Manaja ya riga ya gaya mini daga yau babu fita sai biyu ta yi, tunda babu mai karɓata. Sha ɗaya daidai na ji ana buɗe famfon da ke bayan ɗakin girki. Na leƙa ta taga. Zira ne, ya naɗe hannun riga yana wanke hannu har gwiwa da sabulun da ya zo da shi a aljihu. Baba mai gadi yana tsaye a bakin ƙofar baya, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Fasto, me ya kawo ka?"

"Ka yi mini Lahadi da ya wuce, ban yi maka Juma'a ba. Je ka yi wanka."

Baba mai gadi ya shiga ya kira Manaja. Ya fito da farar shadda da makullin mota a hannu, shi ma masallaci za shi. Ya gaishe da Zira da ladabi, ya ce ya yi haƙuri, wanda ba ma'aikaci ba ba ya shiga ɗakin girki, in wani abu ya faru shi za a tambaya. Zira ya ce ba kuɗi yake nema ba, awa uku ne kawai. Manaja ya ce ya sani, amma doka ce. Ya shiga mota ya tafi.

Na ce wa Zira ya koma gida, rana tana da zafi. Ya ce to. Sai ya je gindin dalbejiyar ya zauna a kan benci, ya ɗora hannayensa a gwiwa don kada su taɓa ƙura. Na koma kan kasko. Ina jin huɗuba daga lasifikar masallacin unguwa, ina juya kaza, in na ɗaga kai in gan shi ta taga. Na ji an tayar da salla, na ji an sallame. Mutane suka fara shigowa, na yi ta zuba abinci, hannuna yana yi ni ban san me nake zubawa ba. Bai tashi ba, bai sha ruwan da Baba mai gadi ya kai masa ba.

Da biyu ta yi, 'yan yamma suka fara shigowa suna ɗaura riguna. Zira ya duba agogonsa ya miƙe, ya sauke hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli. Ya zo bakin taga ya leƙo, ya saurari kaskon kaɗan.

"Rage wuta, Malam," ya ce. "Ni na tashi aiki."